Cire Gashin Mara da Kaki a Hannun Gwana: Shiri, Aikin Kansa, da Kulawar Bayansa

Ranar da na fara kwanciya a gadon mai cire gashi da kaki, abu ɗaya kawai na sani, an ce akwai zafi. Na cije haƙora, zafin ya zo ya wuce cikin minti ashirin. Abin da ban yi tanadinsa ba shi ne kwanakin da suka biyo baya. Wasu 'yan gashi ne suka ƙi fita, matar ta maimaita kakin a wuri ɗaya har sau uku, a na ukun sai saman fatar ya bi kakin. Wurin ya yi ja yana sheƙi kamar ƙuna, ko kamfai bai taɓuwa, da ya warke kuma ya bar mini baƙin tabo da ya kwashe watanni kafin ya dusashe. Tun daga ranar na gane cewa tuge gashi kowa ma zai iya. Gwaninta ita ce a tuge shi a bar miki fatarki lafiya lau, kuma rabin wannan aikin a hannunki yake, 'yar'uwa.

Bari in faɗi wani abu tun da wuri. Gashin mara yana da amfaninsa, yana rage gogayya tsakanin fata da tufafi, yana kuma kare fata mai taushi. Wadda ta rage shi da almakashi tana wanke jikinta ba ta da wata matsala ta lafiya. Cirewa zaɓi ne, kuma idan kin zaɓa, ya dace ki yi shi da sani. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin fata ta JAMA Dermatology a 2017 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu gyara gashin wannan wuri ya taɓa ji wa kansa ciwo, yawanci yanka. Wurin ba ya son ganganci.

Ki san sunan abin da kike so

Yawancin ɓacin rai a wannan harka daga rashin fahimtar juna yake tasowa. Kin ce a gyara miki gefe, kin tashi kin tarar an share komai. Don haka ki riƙe sunaye huɗu. Salon bikini shi ne cire abin da ke leƙowa ta gefen kamfai da ɗan samansa. Sunan ya samo asali ne daga ƙaramar rigar iyon nan da wani Bafaranshe mai suna Louis Réard ya fitar a birnin Paris a 1946. Salon Faransa ya ɗan ƙara shiga ciki, ana barin siririn layi a gaba, ba a taɓa baya. Salon Barazil ana cire na gaba da na leɓɓan farji da na tsakanin ɗuwawu, a bar ɗan layi ko 'yar kusurwa idan kina so. Wasu 'yan'uwa mata bakwai 'yan ƙasar Barazil da suka buɗe shagon gyaran jiki a New York a 1987 ne suka yayata shi, shi ya sa sunan ƙasarsu ya bi shi. Na huɗun, wanda ake kira Hollywood, ba a barin ko ƙwaya ɗaya.

Sunayen nan suna ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, saboda haka kada ki dogara da suna kaɗai. Nuna da yatsa: daga nan zuwa nan, wannan a bar shi. Idan karonki na farko ne, shawarata ki tsaya a gefe kawai. Za ki ga yadda fatarki ke karɓar abin, wata mai zuwa ki ƙara idan kin ga dama.

Kaki iri uku, kuma ba ɗaya suke ba

Akwai kaki mai ƙyalle. Ana shafa shi siriri, a ɗora ƙyalle ko takarda a kai, a fizge. Yana da sauri, ya dace da ƙafa da hannu, amma yana manne wa fata kamar yadda yake manne wa gashi. Shi ya sa ba a maimaita shi a wuri ɗaya, kuma shi ne ya ɗaye ni a wancan karon.

Akwai kaki mai daskarewa. Shi ana shafa shi da kauri, a jira ya sandare ya zama kamar roba, a ɗaga bakinsa da yatsa a fizge, babu ƙyalle. Yayin da yake hucewa yana matse gashin ya riƙe shi, riƙonsa ga fata kuma kaɗan ne. Ga gashi mai kauri a kan fata mai laushi, wanda shi ne ainihin yanayin mara, wannan na fi yarda da shi nesa ba kusa ba.

Sai halawa, wato sukari da ruwan lemun tsami da ruwa da aka dafa har suka yi danƙo. Ana amfani da ita da ɗumin da bai wuce na jiki ba sosai, ruwa yana wanke ta, kuma aikinta a juye yake: ana shafa ta saɓanin kwanciyar gashi, a fizge ta bin kwanciyarsa. Wannan yana rage karyewar gashi, don haka masu yawan fama da ƙuraje sukan fi jin daɗinta. Sai dai tana buƙatar hannu da ya ƙware. A hannun ɗan koyo takan narke ta maƙale, a yi ta ja har wurin ya yi taruwar jini.

Waɗanda ya kamata su dakata

Nan ne nake so ki nutsu, domin mai aikin ba za ta san abin da kike sha ko kike shafawa ba sai kin gaya mata.

Idan kina shan maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoin, kaki ba naki ba ne, har sai kin yi wata shida da dainawa. Maganin yana sa fata ta yi rauni ta yadda za ta ɗaye ta bi kakin. Mayukan da ke ɗauke da tretinoin ko adapalene ko retinol, idan kina shafa su a kusa da wurin, ki ajiye su kamar mako guda kafin ranar. Haka man bilicin da duk wani mai da ke da sinadarin sitiroid irin su clobetasol. Mata da yawa suna shafa su a matsematsi don wurin ya yi haske, ba su san suna sa fatar ta yi siriri kamar takarda ba. Irin wannan fata idan ta haɗu da kaki, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Kin je neman kyau, kin dawo da tabon da ya fi na da duhu.

Mai ciwon suga, musamman wadda sugan bai daidaita ba, ƙaramin rauni yakan daɗe bai warke mata ba, ƙwayoyin cuta kuma suna saurin samun gindin zama. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin za ta yi taruwar jini da zubarsa fiye da kima. Mai karɓar maganin kansa, da duk wadda garkuwar jikinta ta yi ƙasa, su fara jin ta bakin likita. Mai juna biyu ba a hana ta kai tsaye ba, amma jini ya fi taruwa a wurin, zafi ya fi yawa, ita ma ta tambayi mai duba ta. Idan kuma ana shirin yi miki tiyata, ko ta haihuwa ce, kada ki cire gashin ana gab da ranar da sunan taimaka wa likita. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ta ce kada a aske wurin tiyata da reza, idan cirewar ta zama dole a rage shi da kilifa, saboda ƙananan raunukan da ido bai gani su ne ƙofar cuta.

Sai abin da ido zai gani: ƙuraje masu ruwa, maruru, tsiro, yanka, ƙaiƙayi mai ja, ko fitar ruwa da ba ki saba gani ba. Duk wanda kika gani cikinsu, asibiti ne farko. Kaki yana iya kwasar cuta daga wuri ɗaya ya watsa ta ko'ina a fatar. Tawadar Allah mai tudu kuwa ana zagaye ta ne, ba a bi ta kanta.

Yadda za ki gane wurin kirki

Kada kyawun fenti da ƙamshin ɗaki su ɗauke miki hankali. Idonki ya tafi kan tukunyar kaki. 'Yar sandar katakon da ake ɗebo kaki da ita, da zarar ta taɓa fata, kwandon shara ne makomarta. Idan kika ga an shafa miki an sake tsoma ta a tukunya, to abin da ke jikin duk matan da suka kwanta kafin ki yana cikin wannan tukunyar. Za a iya ce miki zafin kakin yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba gaskiya ba ne. Ɗumin da fatar mutum za ta iya jurewa bai kai ya kashe su ba. A wurin da ake aiki da gaskiya za ki ga tarin sandunan a gefe, ana jefar da su ɗaya bayan ɗaya.

Ki duba ko ta wanke hannu ta sa sabuwar safar hannu a gabanki. Ki duba ko an shimfiɗa sabuwar takarda ko wankakken zane a gadon. Hantsakin da za a tsince ragowar gashi da shi, daga ina ya fito? Daga leda a rufe ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ko daga aljihun riga? Kakin da aka riga aka yi amfani da shi ba a sake narkar da shi a tace, komai tsadarsa.

Alamar da ta fi kowace a wurina ita ce tambaya. Gwana za ta tambaye ki magungunan da kike sha, ko kina da borin jini, yaushe kika yi aski na ƙarshe, ko kin taɓa yi a baya. Wadda ta ce ki hau gado kawai ba tare da ta tambaye ki komai ba, ba ta damu da fatarki ba. Araha ba ta ado, kuma ba laifi ba ne ki sa takalminki ki fita kafin a fara.

Shiri

Tsawon gashi shi ne farko. Ana son ya kai kamar milimita 6, wato kwatankwacin kwata na inci. Idan kina aski da reza, ki ajiye ta mako biyu zuwa uku. Gajere sosai, kaki ba zai kama shi ba, sai a yi ta maimaitawa. Dogo sosai kuma yana harɗewa, ya ƙara zafi, ya karye a tsakiya. Idan ya yi yawa ki bar mai aikin ta rage shi da kanta, domin masu ragewa a gida sukan wuce gona da iri.

Sai lokaci. 'Yan kwanaki kafin al'ada da lokacin da take zuba, jiki ya fi jin zafi. Makon da ke bin bayan ɗaukewarta ya fi sauƙi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan akwai wani muhimmin sha'ani a gabanki, ki yi da sauran aƙalla kwana uku. Idan ba ki taɓa yi ba, ki gwada tun da sauran wata guda ko fiye, don ki san halin fatarki.

Kwana biyu kafin ranar, ki goge wurin a hankali da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi don matacciyar fata ta fita, gashin da ya kwanta ya miƙe. Ranar kuwa wanka kawai, kada ki shafa mai ko turare a wurin, domin maiƙo yana hana kaki kamawa. Ki sa kamfai na auduga marar matsi da sutura mai walwala.

Game da zafi, wadda jikinta ke karɓar ibuprofen za ta iya sha kamar rabin awa kafin a fara. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi, farasitamol ya fi musu. Akwai man kashe zafi mai lidocaine da wasu ke shafawa a fatar waje. Idan kin shafa, lallai ki faɗa. Fatar da ta yi sanyi ba ta jin lokacin da kaki ya yi zafi fiye da kima, sai ki ƙone ba ki sani ba.

A kan gadon

Za a ba ki wuri ki tuɓe daga ƙugu zuwa ƙasa, a ba ki abin goge jiki, wani wurin har da kamfai na takarda. Kunya za ta zo, dole ne. Ki tuna cewa wadda ke gabanki wannan ne aikinta kullum, hankalinta yana kan kwanciyar gashi da ɗumin kaki. Kina da damar neman tawul ki rufe inda ba a aiki a kai, kina da damar cewa a rufe ƙofa kada kowa ya shigo.

Da farko za ta goge wurin da ruwan tsaftacewa ta busar da shi sarai. Idan kaki mai daskarewa ne, za ta shafa ɗigon mai kaɗan don ya shiga tsakanin fata da kaki. Idan akwai zufa za ta barbaɗa 'yar hoda marar ƙamshi. Sannan ta gwada kakin a wuyan hannunta, ta ɗiga kaɗan a cinyarki ta tambaye ki. Ɗumi mai daɗi ake so. Idan kin ji yana cizo, ki faɗa nan take, kada ki daure don kara. Ƙunar kaki a wannan wuri tana daɗewa.

Yawanci za ki kwanta rigingine, ki haɗa tafin ƙafafunki, gwiwoyi su buɗe gefe. Ana farawa daga waje, inda zafin ya fi sauƙi, a shiga ciki sannu a hankali. Ki lura da girman abin da take shafawa. Gwana tana aiki da ƙananan yanki, faɗin yatsa biyu ko uku, saboda gashin mara ba ya kwanciya fuska ɗaya. Na sama yana kallon ƙasa, na gefe yana karkata zuwa ciki, wani ma yana juyawa kamar guguwa. Kowane yanki sai an karanta shi. Wadda ta malala kaki faɗin tafin hannu don ta gama da wuri, rabin gashin karyewa zai yi.

Tana shafa kakin bin kwanciyar gashi tana dannawa don ya kai gindinsa, ta bar ɗan leɓe mai kauri a ƙarshen da babu gashi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi za ta taɓa shi. Idan ya daina manne wa yatsa amma yana lanƙwasuwa, ya yi. Idan aka bar shi ya bushe ƙarau, farfashewa zai yi.

Yanzu ga inda aikin yake gaba ɗaya. Hannu ɗaya zai ja fatar ta miƙe tsam. Ɗayan ya kama leɓen kakin ya fizge shi da sauri, saɓanin kwanciyar gashi, a kwance dab da fata kamar mai buɗe shafin littafi. Ba a ɗaga shi sama. Fizga zuwa sama ita ke jawo fata ta haddasa taruwar jini, ita ke karya gashi, a wurin leɓɓa ma tana iya tsaga fata. Da kakin ya fita, tafin hannunta zai sauka a wurin ya danne na ɗan lokaci. Wannan dannawar tana kwantar da raɗaɗin nan da nan, kuma daga ita kaɗai za ki iya gane wadda aka koya wa aikin da kyau.

Naki aikin biyu ne. Na farko numfashi: ki ja iska lokacin da take shafawa, ki fesar da ita da ƙarfi lokacin fizga. Riƙe numfashi da ɗaure jiki suna ƙara zafin. Na biyu, idan ta ce ki ja fatar cikinki sama ko ki riƙe cinya, ki ja da gaske. Iya miƙewar fata, iya sauƙin abin.

Saman mara, a tsakiya, nan ne ya fi zafi ga yawancin mata, saboda gashin ya fi kauri da cunkoso. Na baya da kowa ke tsoro shi ne ya fi sauƙi, za ki kwanta a gefe ko ki rungume gwiwoyinki, kafin ki ankara an gama. Kaki yana tsayawa ne inda gashi ya tsaya. Jar fatar ciki mai damshi ba ta da gashi, babu dalilin da zai sa kaki ya taɓa ta.

Idan 'yan gashi suka rage, da hantsaki ake tsince su. Kaki mai daskarewa za a iya maimaita shi sau ɗaya idan fatar ba ta yi ja ba. Mai ƙyalle kuwa a'a. Idan kika ga za a koma wuri ɗaya karo na uku, buɗe baki ki ce a bar shi haka. Da na san wannan a karona na farko, da ban yi tabo ba. A ƙarshe za a goge ragowar kaki da mai, domin ruwa ba ya fitar da shi, a shafa abin sanyaya fata marar turare. Gefe kawai ba ya wuce kwata na awa, cirewa duka kuma rabin awa ne zuwa minti arba'in da biyar. Ganin ɗige-ɗigen jini kamar bakin allura ba abin tsoro ba ne, musamman a karon farko, gashi mai kauri ne ya fito da saiwarsa.

Maza ma suna yi, kuma duk ƙa'idojin nan sun hau kansu. Ƙari ɗaya shi ne fatar maraina siririya ce ƙwarai mai saurin yagewa, sai wanda aka horar a kan jikin namiji musamman.

Kwana biyun farko

Kowane gashi da ya fita ya bar ɗan rami a buɗe, ɗaruruwansu a wuri mai ɗumi da zufa. Ja da ƙananan tudu kamar fatar kaza za su bayyana, yawanci su kwanta cikin awa 24. Har awa 48 ki nisanci ruwan zafi, wankan tururi, kwamin iyo, motsa jiki mai sa gumi, matsattsun kaya, da saduwa. Kada ki shafa turare, sabulu mai ƙamshi, ko wani abu mai barasa a ciki. Kada ki riƙa kai hannu kina shafawa don jin santsi, hannu ne babban mai kai ƙwayoyin cuta. Idan yana zogi, naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora na minti goma, ko ki shafa tsantsar alobera. Da dare idan da hali ki kwana ba kamfai, iska ta ratsa.

Gashin da ke komawa cikin fata

Wannan ita ce babbar matsalar masu murɗaɗɗen gashi, kuma ita ta fi sa mata su yi fushi da kaki. Sabon gashi yana fitowa siriri marar ƙarfi. Idan matacciyar fata ta toshe bakin ramin, ko gashin ya lanƙwashe tun yana ciki, sai ya ci gaba da girma a ƙarƙashin fata. Jiki ya ɗauke shi baƙo, ya kumbura, ƙurji ya fito. A baƙar fata kuma duk inda kumburi ya sauka yakan bar duhu a bayansa, wani lokaci na watanni. Yawancin baƙaƙen tabon da mata ke kuka da su a matsematsi daga nan suke, daga ƙurjin da kuma matsar da aka yi masa.

Rigakafinsa yana farawa a rana ta uku. Ki riƙa goge wurin a hankali da tsumma mai laushi sau biyu ko uku a mako, ba dirza ba. Ruwan shafawa mai salicylic acid kashi 2 cikin ɗari, ko mai glycolic acid, yana narkar da abin da ke toshe ramin. A fatar waje mai gashi kaɗai ake shafa shi, kuma ki fara da kaɗan ki ga yadda zai karɓe ki. Kullum ki shafa mai marar nauyi marar ƙamshi, domin gashi ya fi sauƙin huda fata mai laushi. Robar kamfai da ke zama daidai lanƙwasar cinya ita ma tana da hannu a ciki, ki nemi wanda bai datse ki a nan ba.

Idan ƙurjin ya riga ya fito, jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ki gasa wurin minti goma, safe da yamma. Sau da yawa cikin 'yan kwanaki za ki ga gashin ya leƙo kamar ɗan zobe. A lokacin ne kawai za ki iya ɗaga bakinsa da hantsaki mai tsabta, ki bar shi a waje ba tare da kin tuge ba, don ramin ya warke da hanyarsa a buɗe. Wanda yake can ciki kina hango inuwarsa, ƙyale shi. Tono da allura da matsa da farce su ne ke mayar da ƙurjin mako guda ya zama tabon shekara.

Akwai kuma ƙananan ƙuraje masu farin kai da ke fitowa da yawa bayan kwana biyu ko uku. Wannan kumburin ramin gashi ne, sau da yawa ƙwayar cutar staphylococcus ce ke jawo shi. Mai sauƙinsa yana tafiya da tsabta da gashin ruwan ɗumi. Amma idan jan yana faɗaɗa, wurin ya ɗau zafi yana bugawa, mugunya na fita, kaluluwa ta taso, ko zazzaɓi ya rufe ki, ranar nan za ki ga likita, kada ki jira gobe. Idan kuma fata ce ta ɗaye, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki shafa basilin, kada ki ɓare ɓawon. Wadda maruru ke yawan fito mata a matsematsi da hammata, yana warkewa yana dawowa yana barin rami, ta je wurin likitan fata kafin ta sake cire gashi ta kowace hanya, domin akwai ciwon fata mai wannan siffa da ke buƙatar magani na musamman.

Karo na gaba, da sauran hanyoyi

Bayan mako ɗaya ko biyu za ki ga gashi ya fara tsirowa, ki ce an cuce ki. Ba lallai ba ne. Gashin jiki ba ya girma tare. Wani yana tsiro, wani yana hutawa, wani yana shirin zubewa. Wanda kika gani yana ƙarƙashin fata ne ranar da aka yi aikin. Idan kika riƙe tazarar mako huɗu zuwa shida, bayan karo uku ko huɗu za ki ga santsin yana daɗewa, zafin ma ya ragu. Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne ɗaukar reza a tsakani. Reza ba ta ƙara wa gashi kauri kamar yadda ake faɗa, tana yanke shi ne ya yi baki mai faɗi, amma tana hargitsa tsawonsa ta mayar da ke farko. Idan ya dame ki kafin lokaci, rage shi kaɗan da almakashi.

Idan kin yi duk abin da na lissafa amma ƙuraje sun ƙi barin ki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kaki bai karɓe ki ba. Kilifa mai barin ɗan tsawo ita ce hanya mafi aminci ga irin wannan fata. Man cire gashi yana narkar da shi ne da sinadari mai ƙarfi, iyakarsa gefen cinya, kada ya kusanci ciki, kuma kada a wuce mintocin da aka rubuta a jikin kwalin. Cirewa da lantarki, inda ake zura siririyar allura a kashe saiwa ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar hanya ce tun 1875, ita ce kuma mai kawar da gashi gaba ɗaya, sai dai tana cin lokaci da haƙuri.

Leza, wato na'urar da ke ƙona saiwar gashi da haske, tana rage gashi ƙwarai, kuma tana taimaka wa masu fama da gashin da ke komawa ciki. Sai dai haskenta launin baƙi yake nema, a baƙar fata kuwa launin yana cikin fatar kamar yadda yake cikin gashin, don haka na'urar da ba ta dace ba za ta ƙone ki ta bar dabbare-dabbare. Ki tambayi sunan na'urar. Wadda ake kira Nd:YAG, mai lamba 1064, ita ce ta fi dacewa da fata mai duhu. Ki nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri, ki jira 'yan kwanaki ki gani. Ana buƙatar zama shida zuwa takwas ko fiye, da tazarar makonni tsakaninsu. Idan kin yanke shawarar komawa can, ki daina kaki da halawa da hantsaki aƙalla mako huɗu kafin zaman farko, ki koma aski, domin leza tana buƙatar ta tarar da saiwar a cikin raminta.